Wa Zai Bi Wa Dabba Hakkinta?

Muna farawa da sunan Allah, Mahaliccin mutum da dabba, wanda Ya ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jin ƙai ga talikai baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a filinmu na wannan mako za mu duba wata mas'ala ce wadda da yawa daga cikinmu za su ga kamar ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba, alhali kuwa malaman farko ba su raina ta ba. Mas'alar ita ce ta hukuncin da ya dace da mutumin da ya azabtar da dabba. A 'yan shekarun nan an yi ta kawo shawarwari a majalisun dokoki, a nan Nijeriya da kuma ƙasashen waje, cewa a tsananta wannan hukunci, a ƙara yawan tara, a tsawaita ɗauri. To, wajibi ne Musulmi ya san inda addininsa ya tsaya tun kafin a zo neman ra'ayinsa. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: idan an ɗaure mai jaki, shi jakin me ya samu?

Bari mu ɗauki unguwar Kabara ta cikin birnin Kano mu yi misali da ita. Unguwa ce ta malamai tun zamanin Malam Umaru Kabara, wanda asalinsa daga Kabara ta kusa da Tambutu ne, a nan kuma marigayi Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya zauna yana karantarwa. A zaurukan irin wannan unguwa ne ake karanta Risala da Muhtasar da Arba'una Hadisi, kuma a cikin waɗannan littattafai akwai hukunce-hukuncen dabba filla-filla. Amma wanda ya fito daga zaure ya tsaya a bakin kowane babban titi na birni, ba zai daɗe ba zai ga kaji an ɗaure su tamau an rataya a babur, kai ƙasa ƙafa sama, cikin rana tsaka. In goshin Babbar Salla ne zai ga rago an lanƙwasa shi an cusa a bayan mota an danne murfi. Zai ga dokin haya da samari suka yini suna sukuwa da shi a kan kwalta, bakinsa yana jini saboda linzami, zai kuma ga yara da danƙo suna gwada saiti a kan ƙadangare. Haka abin yake a kowane gari namu. Mun ambaci Kabara ne domin a nan taki kaɗan ne tsakanin littafin da titin.

ABIN DA DOKA TA CE

Kada wani ya zaci ƙasar nan ba ta da doka a kan wannan al'amari. Dokar laifuffuka ta Arewa, watau Final Kod, wadda aka zartar a 1959 zamanin gwamnatin Sardauna, ta fara aiki a 1960, ta yi maganarsa a sashe na 207 da na 208. Ta hana dukan dabbar gida dukan mugunta ko azabtar da ita, ta haɗa har da naman daji da aka kama aka tsare. Ta hana haɗa zakaru ko raguna faɗa. Ta hana labta wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta, da sa ta aiki alhali tana da ciwo ko rauni ko tsufa, da yin watsi da ita har ta wahala. Hukuncin kuwa ɗauri ne ko tara ko duka biyu. Jihohin Arewa sun gaji wannan doka, kuma kowace jiha tana da ikon gyara tata.

A Kudu kuma dokar Kiriminal Kod, a sashe na 495, ta yanka wa mai wannan laifi ɗaurin wata 6 ko tarar Naira 50. Wannan Naira 50 fam 25 ce a kuɗin da, kafin a canja kuɗi a 1973, kuma a wancan zamani kuɗi ne mai tayar da hankalin magidanci. Yau ko damin harawa ba za ta saya ba. Saboda haka masu cewa tarar ta zama abin dariya suna da gaskiya. Sai dai akwai abin da ya fi ƙarancin tarar muni. Mai karatu ya tambayi kansa, ko ya tambayi dattawan unguwarsu, sau nawa suka taɓa jin an gurfanar da mutum gaban alƙali domin ya fasa wa jakinsa baya? Dokar tana nan a rubuce fiye da shekara 60, amma wanda aka zalunta ba ya magana, wanda ya yi zaluncin kuwa galibi shi ne ubangidansa.

GYARE-GYAREN DA AKE NEMA

Abin da ya fi tayar da maganar a ƙasarmu shi ne cinikin fatar jaki. A ƙasar Sin ana dafa fatar a fitar da wani abu mai kama da ƙaro da suke sa wa a maganin gargajiya, kuma da jakunansu suka yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka fuskanci Afirka. Wata ƙungiyar kula da jakuna ta Ingila ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla jakuna miliyan 5.9 ake kashewa kowace shekara a duniya saboda wannan ciniki. Daga kasuwanni irin su Maigatari aka riƙa lodin jakuna a manyan motoci ana kai su Kudu, musamman Jihar Ebonyi, inda ake yanka su. Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna tun 2016. A 2018 ɗan Majalisar Wakilai Garba Datti Muhammad na Jihar Kaduna ya kawo ƙudurin hana kashe jakuna da fitar da su, wanda ya nemi ɗaurin shekara 10 ga mai laifi. A 2021 Majalisar Dattawa ta yi karatu na biyu a kan ƙudurin Sanata Yahaya Abdullahi na Jihar Kebbi, shi kuma tsara yankan ya nema da sa masa ƙa'ida. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin fatarsu a nahiyar duka.

A ƙasashen Turawa ma haka iskar take kaɗawa. Ingila, wadda ta yi dokarta ta farko ta kare dabbobin gida a 1822, ta ɗaga iyakar ɗaurin mai azabtar da dabba daga wata 6 zuwa shekara 5 a 2021. Amurka ta yi dokar tarayya a 2019 wadda ta kai ɗaurin shekara 7 ga wasu nau'o'in azabtarwa.

Akwai abin lura a nan wanda ya kamata ya ba mu kunya. Shekara da shekaru jaki yana ɗaukar taki daga cikin birnin Kano zuwa gonakin karkara, yana dawowa da hatsi da itace da ƙasar gini, mangala tana cin bayansa har ya yi gyambo, ba wanda ya tashi a majalisa dominsa. Sai da fatarsa ta zama kuɗin ƙasar waje, aka ga yana neman ƙarewa, sa'an nan aka tuna da shi. Kiyaye dukiyar ƙasa abu ne mai kyau, kuma Shari'a ta yarda da shi. Amma kiyaye dukiya daban, tausayin mai rai daban, kuma dokar da aka gina a kan na farko kaɗai za ta manta da jaki ranar da farashin fata ya faɗi.

"AI DUKIYATA CE"

Wannan ita ce amsar da mutum kan samu in ya yi wa mai dukan dabba magana. A nan ne kuma asalin mas'alar yake. Gaskiya ne Allah Ya hore mana bisashe, Ya halatta mana hawansu da aikinsu da nonon da naman waɗanda ake ci. Amma a cikin Suratul An'ami, aya ta 38, Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma. Mallakar da mutum ya yi wa tukunya ba irin wadda ya yi wa akuya ba ce, domin tukunya ba ta jin yunwa. Abin da mutum ya mallaka a jikin dabba shi ne amfaninta ta hanyar da aka yi masa izini. Azabarta ba ta cikin abin da ya saya a kasuwa.

Hadisan da suka tabbatar da haka sanannu ne. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Muslimu ya ruwaito daga Jabiru cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ga jaki an yi masa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Abdullahi ɗan Umaru ya tarar da wasu samari sun kafa tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya shaida musu cewa Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Annabi ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da gajiyar da shi. Hadisi na 17 cikin Arba'una, wanda kusan kowane ɗalibi ya haddace, ya wajabta kyautatawa har a wurin yanka, watau a wasa wuƙa a hutar da abin yankan.

A duba da kyau, a cikin waɗannan labarai babu inda aka ce laifin shi ne ɓata dukiyar wani. Raƙumin na mai gonar ne, duk da haka aka yi masa faɗa. Ke nan laifi iri biyu ne. Wanda ya kashe saniyar maƙwabcinsa zai biya ƙimarta, wannan hakkin maƙwabci ne, in ya so ya yafe. Wanda ya azabtar da saniyar kansa kuwa ya taɓa hakkin Allah da hakkin saniyar, kuma ba mai ikon yafe masa a madadinta. Muslimu ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. In haka ne tsakanin dabba da dabba, waɗanda ba a ɗora musu shari'a ba, ina ga mai hankali?

HUKUNCIN DUNIYA A WURIN MALAMAI

Shari'a ba ta yanka haddi a kan wannan laifi ba, kamar yadda ta yanka a kan sata ko ƙazafi. Ya faɗa ne cikin babin ta'aziri, watau horon da aka bar wa shugaba da alƙali su auna. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya bayyana cewa ta'aziri yana sauyawa da sauyawar zamani da wuri. Saboda haka majalisar da ta zauna domin gyara tarar da zamani ya cinye ba ta saɓa wa addini ba. Abin tambaya shi ne wace irin gyara.

A nan Muhtasar na Shehu Halilu ya ba mu haske. A babin ciyarwa ya ce wajibi ne mutum ya ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi kuwa a sayar da ita, haka nan in ya riƙa ɗora mata aikin da ba za ta iya ba. Ya ƙara da cewa ba a tatsar nononta sai gwargwadon abin da ba zai cutar da ɗanta ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidi kuma ta karhanta yin lalas a fuska, ta kawo hani a kan fiɗiye dawaki, ta karhanta kashe ko da ƙwarƙwata da wuta. Malaman Hanafiyya sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta wa mai dabba, ko kuwa umarni kawai za a yi masa tsakaninsa da Allah, amma Abu Yusufa ya tafi a kan tilastawa. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a 1262, ya jera hakkokin dabba a littafinsa Ƙawa'idul Ahkami, daga ciki har da ci gaba da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita, da gyara mata makwanci, da kada a yanka ɗanta a gabanta.

To, wa zai kai ƙara? Imamu Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya amsa wannan a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya. Ya ce in mai dabba yana sa ta aikin da ba za ta jure ba, muhtasibi, watau jami'in hisba, zai hana shi ko da ba wanda ya kawo kuka. In mai ita ya yi gardama cewa za ta iya, muhtasibi zai duba da abin da mutane suka sani bisa al'ada. An ruwaito Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ya doki wani mai raƙumi saboda ya yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya ji labari ana ɗora wa raƙuman sufuri a Masar ratali 1,000, sai ya rubuta wa wakilinsa cewa kada a wuce ratali 600.

Wanda ya haɗa waɗannan zai ga manufa guda. Idon malamai yana kan dabbar ne kafin ya koma kan mai laifin. Abin da suka fara nema shi ne a sauke kayan, a kawo abincin, in ya faskara a raba ta da wanda ke cutar da ita. Sun kuma gane cewa dabba ba ta da bakin kai ƙara, saboda haka suka ɗora wa hukuma ta zama bakinta.

KO TSANANI SHI NE MAGANI?

Masu neman dogon ɗauri suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce hukunci shi ke nuna wa jama'a nauyin laifi, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sun ce wanda ya saba da ganin jinin abin da bai yi masa komai ba, zuciyarsa takan bushe har ta kai ga mutane. Wannan gaskiya ne, malaman tarbiyya sun daɗe da faɗinsa. Yaron da aka ƙyale yana jan kyanwa da igiya a wuya, ana dariya, an koya masa cewa marar ƙarfi abin wasa ne.

Amma masu cutar da dabba ba ɗaya suke ba. Akwai jahili, wanda ya tashi ya ga ana rataya kaza kai ƙasa, bai taɓa jin cewa laifi ne ba. Maganinsa ilmi da gargaɗi. Akwai mabuƙaci, mai jaki ɗaya da 'ya'ya bakwai, wanda ya san jakin yana ɗingishi amma in bai fita da shi ba ba a ɗora tukunya. In aka kai wannan gidan yari, iyalinsa sun rasa mai ciyarwa, jakin kuma ya rasa mai kawo masa dusa, ko a sayar da shi ga masu fata. An ƙara zalunci biyu a kan ɗaya ke nan. Akwai kuma na uku, wanda ya sani, yana da hali, amma ya zaɓi mugunta domin nishaɗi ko domin ƙarin riba: mai haɗa raguna karo ana caca, mai cusa shanu a tirela fiye da kima daga Arewa har Legas ba ruwa ba hutu, mai sayen jakunan sata ana kashe su a ɓoye. Wannan shi ne mutumin da tsananin doka ya dace da shi, tara mai zafi gwargwadon dukiyarsa, da ɗauri in ya maimaita.

Abin tsoro shi ne, doka mai tsanani wadda ba ta bambance tsakanin waɗannan uku ba, a kan na biyu take sauka, domin shi ne ba ya da lauya, ba ya da wanda zai yi masa waya. Sai a wayi gari an bar jaki ana dukan taiki. Bugu da ƙari, in hukunci ya wuce abin da zukatan jama'a suka yarda da shi, maƙwabci ba zai ba da shaida ba, ɗan sanda zai karɓi na goro ya kau da kai, alƙali ma zai nemi mafita. Abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata za a gan shi kuma za a yi masa magana. Shekara 10 a takarda wadda ba a taɓa zartarwa ba, ba ta kai tarar da ake karɓa kowace ranar kasuwa tsoratarwa ba.

"MUTANE MA BA SU ƘOSHI BA"

Wani zai ce, Malam, ga yara suna kwana a titi, ga marasa lafiya ba magani, ga 'yan fashi sun hana noma, kai kuma kana zancen kaji? Amsa ita ce, babu shakka ran mutum yana gaba, kuma in buƙatar mutum ta gaskiya ta ci karo da ta dabba, ta mutum ake gabatarwa. Amma yawancin azabar da muke gani ba ta ciyar da kowa. Wane maraya ne ya ƙoshi domin an karya wa sa wutsiya a hanyar mayanka? Hasali ma talaka ne ke fara asara in dabba ta lalace, domin jakin da aka kula da shi ya fi daɗewa yana aiki, kuma bugaggen nama da fatar da bulala ta tsaga ba su da daraja a kasuwa. Sayyidina Abubakar, lokacin da yake sallamar rundunar Sham, cikin halin yaƙi, bai manta ya hana su kashe tumaki da raƙuma ba sai domin ci, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Maliku. Mai cewa kuma wannan al'adar Turawa ce, sai ya auna tazarar da ke tsakanin wasiƙar Umaru ɗan Abdul'azizu da dokar Ingila ta 1822. Ta haura shekara 1,000.

SHAWARA GA MAHUKUNTA DA JAMA'A

Bisa ga abin da ya gabata, ga abin da muke ganin ya kamata duk wata gyaran doka ta ƙunsa, a Kano ko a wata jiha.

Na farko, a ɗaga tara ta dace da zamani, a kuma ba alƙali faɗin da zai auna ta da halin mai laifi, domin abin da zai girgiza mai jaki ɗaya ba zai taɓa mai tirela goma ba. Na biyu, a sa hukuncin Muhtasar a cikin doka ƙarara: gargaɗi tukuna, sa'an nan tilasta ciyarwa da magani, in mutum ya ƙi a sayar da dabbar ga wanda zai riƙe ta a ba shi kuɗinsa, in ya maimaita a hana shi riƙon irinta zuwa wani lokaci. Na uku, a ajiye ɗauri domin mai ganganci da mai cin riba da azaba. Na huɗu, a yanka ƙa'idodi masu lamba waɗanda kowa zai gane, kamar yadda Halifa ya yanka ratali 600: shanu nawa mota za ta ɗauka, bayan awa nawa za a tsaya a shayar da su. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, a naɗa wa dabba wakili. Kano tana da Hukumar Hisba tun 2003, tana da likitocin dabbobi, tana da Sarkin Fawa da shugabannin kara da na masu dawaki, ga masu unguwanni. Waɗannan su ne suka san mai yi da marar yi, kuma maganarsu ta fi sammaci saurin shiga kunne.

Sauran aikin namu ne. Malamin da ya kai babin ciyarwa a Muhtasar, ya dace ya tsaya ya ce wa ɗalibansa wannan fa jakin ƙofar gida ake nufi. Liman ya ware huɗuba guda kafin layya a kan yadda ake ɗaukar rago da yadda ake kwantar da shi, da cewa ba a wasa wuƙa a gabansa. Uwa ta karɓe danƙo daga hannun ɗanta ta gaya masa dalili, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai sayen kaza ya riƙe ta yadda zai so a ce an gan shi ranar da za a tambaye shi. Ɗan kwano na ruwa a gindin bango lokacin bazara ba ya buƙatar izinin majalisa.

Doka tana iya kama hannun mutum, kuma wajibi ne ta kama in ya miƙa shi ga zalunci. Amma yawancin abin da ke faruwa tsakanin mutum da dabbarsa yana faruwa ne a bayan gida, a turke, inda babu ɗan sanda babu ɗan hisba, sai Wanda ba Ya barci. Matar nan mai kyanwa ba a ce wani alƙali ya kira ta a duniya ba.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka yi wa bayinSa marasa baki cikin sani ko rashin sani, Ya kuma yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga dokar da za ta sauƙaƙa wa mai rauni, mutum ne ko dabba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.